Ƙarshen Labari da Nisan Duniyarsa: Martanin Masu Karatu ga Littattafan Almara da Soyayyar Jinsi Ɗaya a Rara da Kewayenta

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan adabin Hausa da masu karanta shi

Tsakure

An daɗe ana muhawara a kan littattafan soyayya na Hausa, amma galibi a kan marubuci da littafinsa take tsayawa, shi kuwa mai karatu sai a ari bakinsa a ci masa albasa. Wannan maƙala ta juya ga mai karatun, ta kuma ɗauki fanni mafi wuyar tattaunawa, wato littattafan almara da na soyayya masu ɗauke da jigon soyayyar jinsi ɗaya. An dubi yadda ake karɓar su a Rara da maƙwabtanta na ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, a gabashin Jihar Sakkwato. An ɗora nazarin a kan ra'in martanin mai karatu, tare da waiwayen tarihin karatu a yankin da tarihin jigon a adabin Hausa. Maƙalar ta nuna cewa martanin ya kasu gida biyar, kuma abubuwa biyu ne ke juya shi: yadda labari ya ƙare, da kuma nisan da ke tsakanin duniyar labarin da ƙofar gidan mai karatu.

Muhimman kalmomi: martanin mai karatu, almara, littattafan soyayya, tace ɗab'i, Rara

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bibiyi rikicin da aka sha a kan littattafan soyayya na Hausa zai lura cewa mai suka da mai kariya duk da yawun mai karatu suke magana. Wannan ya ce littafin ya ɓata tarbiyyar yarinya, wancan ya ce ya wayar mata da kai. Ita kuwa yarinyar da ta ari littafin, ta karance shi da tocila a ƙuryar ɗaki, ba kasafai ake tambayar ta abin da ta ji ba. Idan haka ta faru ga labarin saurayi da budurwa, ina ga labarin mace da mace ko namiji da namiji, wanda ko ambatonsa a cikin jama'a sai an haɗa da a'uziyya?

Ya kamata a shata iyaka tun da wuri. Hukuncin luwaɗi da maɗigo a fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Sakkwato sananne ne, dokar ƙasa ma ta yi magana, kuma bayar da fatawa aikin malamai ne. Tambayar da ke gaban wannan maƙala ta adabi ce: idan irin wannan labari ya faɗo hannun mai karatu a Rara, me ke faruwa tsakaninsa da shafin da yake kallo?

An zaɓi Rara, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Rabah, saboda nazarin adabin zamani ya fi karkata ga Kano da Kaduna da Zariya, alhali littafin da aka buga a Kano ƙauye yake ƙarewa. An dogara ga nazarin littattafan kansu, da ayyukan magabata, da kuma zaman da mai maƙalar ya yi cikin masu karatu a yankin. Da gangan aka ƙi ambaton sunan kowa, kuma za a ga dalili a sashe na 7.0.

2.0 Ra'in Bincike

Ra'in martanin mai karatu ya tafi a kan cewa ma'ana ba ta cika sai an karanta. Louise Rosenblatt (1938, 1978) ta ɗauki karatu a matsayin cinikayya tsakanin mutum da matani, kowa da abin da ya zo da shi. Wolfgang Iser (1978) ya nuna cewa kowane labari yana barin giɓi, mai karatu ne ke cike shi da abin da ya sani. Hans Robert Jauss ya jawo hankali ga tsammanin da mai karatu ke shiga littafi da shi, wanda littattafan da ya karanta a baya suka gina masa. Stanley Fish (1980) kuwa ya ce mutum ba ya fassara labari shi kaɗai, akwai jama'ar da ta koya masa yadda ake fassara.

Aikin da ya fi kusa da namu shi ne na Janice Radway, Reading the Romance (1984). Ta zauna da matan aure masu karanta littattafan soyayya a wani gari na Amurka da ta laƙaba wa suna Smithton. Ta tarar suna da ƙa'idojinsu na tantance littafi mai kyau da marar kyau, kuma kyakkyawan ƙarshe sharaɗi ne a wurinsu, har wasunsu sukan leƙa shafukan ƙarshe kafin su saya. A ƙasar Hausa, Brian Larkin (1997) ya nuna yadda masu kallon fina-finan Indiya da marubutan soyayya ke aro daga baƙuwar al'ada abin da ya dace da damuwarsu, musamman auren dole, su bar saura. Wannan zaɓe da mai karatu ke yi shi ne ginshiƙin abin da zai biyo baya.

3.0 Daga Taru zuwa Waya: Yadda Karatu Ya Sauya a Yankin

Ƙasar da muke magana a kanta ta daɗe da sanin takarda. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, can ya rasu a 1837, can kuma hubbarensa yake. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello a 1910. Mafi muhimmanci ga wannan nazari shi ne tsarin 'Yan Taru da Nana Asma'u (1793–1864) ta assasa, wanda Jean Boyd (1989) ta yi bayaninsa. Mata daga ƙauyuka sukan taho ayari ƙarƙashin jagorancin jaji, su ɗauki karatu, galibi cikin waƙe, su koma su isar wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Karatun nan a bayyane ake yin sa, da murya, cikin taro, kuma akwai babba da ke warware ma'ana.

Da littattafan soyayya suka fara kwararowa daga Kano, tsarin taron bai rushe ba, sauya kama kawai ya yi. Littafi ɗaya yakan zagaye gida biyar. Ana sayo shi daga kasuwar Sakkwato ko ta Achida, ko a karɓo haya, ko dillaliya ta shigo da shi cikin kayanta. Wadda ta yi boko ta karanta wa waɗanda ba su yi ba, ana tsinkar zogale ko ana kitso. Ana cikin karatun ake yanke hukunci: a tsine wa kishiya, a tausaya wa marainiya, idan an zo wurin da ya yi nauyi mai karatun ta yi gyaran murya ta tsallake. Hukumar tace littafi ta farko a gidan Bahaushe ita ce bakin mai karantawa.

Wayar hannu ce ta kawo sauyin gaske. Yanzu labari yana zuwa ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, ko a tura shi daga waya zuwa waya ta Xender, ko a loda wanda aka karanta da murya a katin waya wurin mai cajin waya. Ɗaliban da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari sukan dawo hutu da wayoyi cike da labarai. Babu bango da za a gani a tambaya, babu mai shago da zai ƙi sayarwa. Matsalar tsaro da ta addabi gabashin Sakkwato, wadda harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ya zama ɗaya daga cikin munanan alamunta, ta rage zirga-zirga da hirar dare, ta ƙara tura matasa cikin ɗaki da waya. Sakamakon haka, mai karatu a Rara yakan haɗu da labari mafi nauyi shi kaɗai, babu jaji, babu yaya, babu wanda zai yi gyaran murya.

4.0 Jigon a Cikin Adabin Hausa

4.1 Almara da rikiɗa

Ana yawan cewa baƙon abu ne aka shigo mana da shi. Ta fuskar wasu littattafai haka ne, amma tunanin Bahaushe ya daɗe yana wasa da sauyin siffa. A tatsuniya dodo yakan rikiɗe ya zama kyakkyawan saurayi ya auri yarinyar da ta ƙi kowa, dabba ta rikiɗe ta zama budurwa. A bori iska namiji yakan hau mace, iska mace ta hau namiji, wanda aka hau ya ɗauki murya da tufafin mahayinsa. A cikin Alfu Laila, wanda Frank Edgar ya fitar da fassararsa ta Hausa da sunan Dare Dubu da Ɗaya a 1924, akwai labarin Ƙamaruzzaman da Budur, inda gimbiya ta sa kayan mijinta, aka ɗauke ta namiji, aka aura mata 'yar sarki, har ta hau gadon sarauta.

Abin lura shi ne ba a ta da jijiyar wuya a kan waɗannan. Dalili kuwa tatsuniya tana shigowa da izininta. Da an ce "ga ta nan, ga ta nanku" kowa ya san an bar duniyar hisabi, kuma a ƙarshe mai bayarwa da bakinsa yake jingina ƙaryar ga Gizo. Ƙagaggun labaran farko da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 sun gaji wannan izini. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara cike suke da aljanu. Ko So Aljannar Duniya (1980) na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ake ɗauka a matsayin mabuɗin littattafan soyayya na mata, sai da aljana ta shiga tsakanin Boɗaɗo da Yasir. Almara da soyayya tare suka taso a adabinmu, kuma marubuta irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun ci gaba da riƙe masu karatu da duniyoyin da babu su a taswira.

4.2 Labarin zahiri da hukuncinsa

Inda aka fara jin zafi shi ne lokacin da labari ya sauko cikin unguwa. Budurwar Zuciya (1987) da Wa Zai Auri Jahila? (1990) na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa (1994) na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, duk sun yi magana a kan gidajen da mai karatu ya sani. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa rubutun, aka yi ta fafatawa a jaridar New Nigerian da mujallar Garkuwa. A ƙarshen shekarun 1990 littafin Matsayin Lover na Alkhamees Bature Makwarari ya taɓo maɗigo ƙarara, ya kuwa jawo ce-ce-ku-ce har a tsakanin marubuta da masu sayar da littattafai. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma a 2008 hukumar, a zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista.

Duk da haka jigon bai ɓace ba, tsari ya samu. A yawancin labaran Hausa da suka taɓo shi, musamman na intanet, hanyar ɗaya ce: wata babba a makarantar kwana ko wata hajiya mai kuɗi ta ja yarinya, a yi ta jin daɗin duniya, sannan asiri ya tonu, a ƙare da ciwo ko hauka ko mutuwa ko tuba. Marubuciyar takan buɗe da cewa don faɗakarwa ta rubuta. Haka ma ɗan daudu a fim da wasan kwaikwayo: ko abin dariya ne, ko kawali. Rudolf Gaudio, a littafinsa Allah Made Us (2009), ya nuna cewa rayuwar 'yan daudu a Kano ta fi wannan hoto faɗi da sarƙaƙiya, da sana'arsu ta abinci, da ibadarsu, da iyalansu. Adabin bai cika nuna wannan ba. Abin da ya gina wa mai karatu shi ne tsammani guda: duk inda aka ga wannan jigo, to alhaki na nan tafe a shafin ƙarshe.

5.0 Littattafan Waje da Hanyar Isowarsu

A kasuwar littattafai ta duniya, almara da soyayya masu wannan jigo sun zama babban fanni. The Song of Achilles (2011) na Madeline Miller ya sake ba da labarin Yaƙin Troy ta bakin Patroclus, masoyin Achilles, ya kuma ci kyautar Orange a 2012. The Priory of the Orange Tree (2019) na Samantha Shannon labarin sarauniya ne da dodanni, da soyayya tsakanin mata biyu. Red, White & Royal Blue (2019) na Casey McQuiston ya haɗa ɗan shugabar Amurka da yariman Ingila, aka mayar da shi fim a 2023. A ƙasar Sin akwai Mo Dao Zu Shi na Mo Xiang Tong Xiu, wanda aka mayar da shi fim mai dogon zango, The Untamed, a 2019. A Nijeriya akwai Walking with Shadows (2005) na Jude Dibia da Under the Udala Trees (2015) na Chinelo Okparanta.

Masu iya zama su karance littafin Ingilishi mai ɗaruruwan shafuka tsiraru ne a Rara: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, ɗaliban manyan makarantu. Ga saura, labaran ta bayan gida suke shigowa: guntun fim a TikTok, ko ƙawa ta ba ƙawa labarin abin da ta kalla, ko marubuciyar intanet ta ɗauko zubin labarin ta sa masa sunayen Hausa. Sau da yawa mai karatu bai san abin da ya ɗauko ba sai ya yi nisa. Ya shiga ne don yaƙi da tsafi da gadon sarauta, sai a tsakiyar tafiya ya gane inda zuciyar tauraron ta karkata. Daga wannan gaɓa martanin ke farawa.

6.0 Martani Iri Biyar

Na farko shi ne rufewa. Mai karatu ya yi a'uziyya, ya goge labarin daga waya, wani lokaci ya gargaɗi wanda ya turo masa. "Wanga ba namu na ba," shi ne abin da aka fi ji. Wannan martani na gaskiya ne, daga imani yake fitowa, kuma shi ne mafi yawan abin da ake furtawa. Kuskuren manazarci shi ne ya ɗauka shi kaɗai ne, don kawai shi aka yarda a faɗa da ƙarfi.

Na biyu shi ne tsallake. Labarin ya riga ya kama mai karatu, yana son ya san wanda zai ci yaƙi, don haka sai ya riƙa haure wuraren da ba ya so. Aikin da mai karanta wa taro ke yi da gyaran murya, shi yake yi da ɗan yatsa.

Na uku shi ne mayar da masoya aminai. Al'adarmu tana da wurin zama mai faɗi ga aminci da ƙawance. Maza biyu su riƙe hannu a kasuwa, mata biyu su yi anko su kwana ɗaki ɗaya, ba wanda zai ɗaga ido. Mai karatu yakan cike giɓin da Iser ya ambata da wannan sani, ya karanta sadaukarwar tauraro ga ɗan'uwansa a matsayin amana. Abin sha'awa shi ne masu shirya The Untamed haka suka yi don su tsallake masu tace fina-finai na ƙasarsu: soyayyar da ke fili a littafi ta koma shaƙuwar aminai a fim. Abin da hukuma ta tilasta a can, mai karatu yana yin sa da kansa a nan.

Na huɗu shi ne tausayi ba tare da yarda ba. Mai karatu ya bi tauraro har ya ji zafin korar da aka yi masa daga gida, idonsa ya kawo ruwa, amma ra'ayinsa a kan hukuncin aikin yana nan inda yake. "Ban yarda da abin da ya yi ba, amma ya ba ni tausayi." Wannan ne martanin da ya fi rikita masu shi, domin sukan ji kamar tausayin kansa laifi ne. A nan ne kuma ake samun mata da ke cewa abin da ya riƙe su shi ne ganin mutum biyu suna magana a matsayi ɗaya, babu kishiya, babu uwar miji, babu wanda ake jira ya yi haƙuri don shi ne mace. Masu nazarin irin wannan rubutu a Japan da Sin, inda mata ne mafi yawan marubutansa da masu karanta shi, sun daɗe da kawo wannan bayani. Idan haka ne, martanin nata yana faɗa mana wani abu game da zaman aure a gidajenmu fiye da yadda yake faɗa game da littafin.

Na biyar shi ne ganin kai. Akwai mai karatun da ya tarar a shafi da abin da yake ɓoyewa a zuciya tun yana yaro. Shi ne mafi shiru a cikin duka. Abin da yake ji gauraye ne: sauƙin gane cewa ba shi kaɗai ba ne a duniya, da tsoron Allah, da tsoron mutane, da sanin cewa kyakkyawan ƙarshen da littafin ya nuna ba a garinsu aka tsara shi ba. Nazarin da ya yi kamar babu wannan mutum bai cika ba, ko da mai nazarin bai so a ce akwai shi ba.

Mutum ɗaya yakan ratsa biyu ko uku daga cikin waɗannan a littafi guda, kuma abin da zai faɗa a majalisa yakan bambanta da abin da ya ji a ɗaki. Wannan ba lallai munafunci ba ne. Kunya da kara, waɗanda Anthony Kirk-Greene (1974) ya tattauna makamantansu cikin siffofin mutumin kirki, su ke tsara abin da ake furtawa da wanda ake haɗiyewa.

7.0 Abubuwa Biyu da ke Juya Martani

Na farko shi ne ƙarshen labari. An nuna a sama cewa mai karatun Hausa ya saba ganin jigon, amma tare da hukunci. Littafin soyayya na Turai kuwa ƙa'idarsa masoya su ƙare tare cikin farin ciki. Nan tsammani biyu ke karo. Mai karatun da ya jure shafi ɗari uku yana jiran ranar tonon asiri, sai ya tarar da biki, yakan ji an yaudare shi, kuma fushinsa a nan ya fi na wurin da ya fara gane jigon. Akasin haka, The Song of Achilles da mutuwa ya ƙare. Marubuciyar ta yi haka ne don tsohon labarin Girkawa haka ya zo, amma mai karatunmu yana iya ɗaukar mutuwar a matsayin sakamako, ya samu damar yin kuka hankali kwance. Shafi ɗaya, fassara biyu, kowace da jama'ar da ta koyar da ita.

Na biyu shi ne nisa. Duniyar dodanni da takubba tana cin gajiyar izinin tatsuniya. Fadar shugaban Amurka ta fi kusa, don akwai ta. Ƙasar Ibo ta zamanin yaƙin basasa, inda Okparanta ta kafa labarinta, ta ƙara matsowa. Mafi kusa shi ne Born on a Tuesday (2015) na Elnathan John, wanda ba littafin soyayya ba ne, amma a Sakkwato aka kafa mafi yawansa, kuma a ciki almajiri Ɗantala ya ci karo da samari biyu cikin wannan hali, abin ya tsaya masa a rai. Ni kaina na karanta littafin Miller ban ji nauyin komai ba, amma wannan ɗan wuri na littafin John sai da na ajiye shi na ɗan wani lokaci, domin masallacin da tashar motar da ke cikinsa irin waɗanda na sani ne. Gwargwadon kusancin labari da gida, gwargwadon yadda mai karatu ke daina jin sa a matsayin labari ya fara jin sa a matsayin zargi ko tonon silili.

Wannan ya kawo mu ga ladubban bincike. Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da suka kafa dokokin laifuka na shari'a daga shekarar 2000. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi ɗaya, mai ɗaurin shekara 14 ga masu auren da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko nuna alaƙar a bainar jama'a. Dokar ba ta ambaci karanta littafi ba, amma a gari kamar Rara, inda kowa ya san kakan kowa, zargi kaɗai ya isa ya kashe aure ko ya hana shi. Manazarcin da ya raba takardar tambayoyi a aji, ko ya naɗi murya, ko ya rubuta sunan unguwa da shekarun wanda ya zanta da shi, yana iya jefa bawan Allah cikin bala'in da ba zai iya fitar da shi ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa mai karatu a Rara da kewayenta yana shiga littafi da imaninsa, da tarbiyyarsa, da tsammanin da tatsuniya da littattafan Kano suka gina masa, kuma da waɗannan yake rufewa, ko tsallakewa, ko sauya ma'ana, ko tausayawa, ko ganin kansa. Tunanin da aka gina ƙona littattafai a kansa a 2007, cewa abin da aka karanta shi za a aikata, bai yi la'akari da wannan aiki da mai karatu ke yi ba. Haka ma tunanin wasu marubutan waje cewa labari mai daɗi zai sauya aƙidar wanda ya karanta shi.

Shawarwari uku ne suka fito daga nan. Manazarta adabi su faɗaɗa aikinsu daga jigo da salo zuwa ga masu karatu, su kuma fita daga manyan birane, tare da kiyaye sirrin waɗanda suka amince musu. Malamai da iyaye su gane cewa littafin da ke cikin waya ba ya ƙonuwa, kuma abin da matashi ya rasa shi ne babban da zai tattauna da shi a kan abin da ya karanta ba tare da an fara da duka ko tsinuwa ba. Yankin da ya san tsarin jaji bai kamata a koya masa amfanin wannan ba. Marubutan Hausa kuwa da ke cewa don faɗakarwa suke taɓo jigon, su tambayi kansu dalilin da ya sa shafukan jin daɗi ke kai ɗari, na tuba kuma biyu. Masu karatunsu sun riga sun lura da wannan lissafi, kuma suna faɗa a tsakaninsu.